FADA LAGRANGE: MALAMIN DA YA BUƊE MAKARANTAR LITTAFI MAI TSARKI A TSOHUWAR MAYANKA

Duk wanda ya taɓa zama ya karanta littattafan nan biyar na Musa, tun daga Farawa har zuwa Maimaitawar Shari'a, zai tarar da wani abu a babi na ƙarshe wanda kan sa mutum ya ɗan dakata. A nan ne aka ba da labarin rasuwar Musa a ƙasar Mowab, da yadda aka binne shi, da kwana 30 da Isra'ilawa suka yi suna makokinsa. To, idan Musa ne ya rubuta littattafan duka da hannunsa, wa ya rubuta wannan babin? A yau idan ɗan seminari ya ɗaga hannu ya yi wannan tambaya, malaminsa zai amsa masa a sake, har ma ya ƙara masa da waɗansu tambayoyin da suka fi ta wuya. Amma a farkon ƙarni na 20 amsar da firist na Katolika ya bayar ga irin wannan tambaya tana iya raba shi da aikin koyarwa, ko ta sa a janye littattafansa daga hannun ɗalibai. Cikin waɗanda suka sha wannan ɗaci, suka kuma share hanyar da ake bi yanzu, babu kamar Fada Marie-Joseph Lagrange, Bafaranshe, ɗan ƙungiyar Dominikan, wato ƙungiyar nan da firistocinta suka kama aikin bishara a Gusau da Sakkwato tun cikin shekarun 1950.

An haife shi ran 7 ga watan Maris, 1855, a garin Bourg-en-Bresse da ke gabashin Faransa, aka raɗa masa suna Albert. Mahaifinsa mai rubuta takardun shari'a ne na ciniki da gado, shi ma ɗan sai ya bi hanyar shari'a, ya tafi Paris ya yi karatun lauya har ya sami digirin dakta cikin 1878. Da ya so, da ya ci gaba da lauyancinsa ya tara abin duniya. Maimakon haka sai ya shiga seminari na Issy ya yi shekara guda, sa'an nan cikin watan Oktoba na 1879 ya karɓi farar rigar Dominikan a gidansu na Saint-Maximin da ke kudancin ƙasar, inda aka ba shi sunan Marie-Joseph.

Bai daɗe a wurin ba. Cikin 1880 gwamnatin Faransa, wadda a lokacin take zaman doya da manja da Ikkilisiya, ta rufe gidajen ƙungiyoyin zuhudu da ba ta ba izini ba, aka kore su. Lagrange da 'yan'uwansa suka yi gudun hijira zuwa Salamanca a ƙasar Sifen. A can ya yi karatun tauhidi bisa koyarwar Toma Akwinas, a can kuma ya soma Ibrananci. Aka keɓe shi firist a Zamora cikin watan Disamba na 1883. Bayan ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a Salamanca da Toulouse, shugabanninsa suka lura da kaifin kansa wajen harsuna, sai suka aika da shi jami'ar Vienna cikin 1888 don ya ƙware a harsunan gabas, wato Larabci, da Assuriyanci mai rubutu kamar sawun ƙusa a kan allon yumɓu, da kuma rubutun Masarawan dā.

Ya kamata mai karatu ya san irin halin da nazarin Littafi Mai Tsarki yake ciki a waɗannan shekaru, domin in ba haka ba, ba zai gane abin da ya jawo rigimar ba. Ƙasashen gabas sun fara fid da abin da ya daɗe a binne. Cikin 1868 aka sami dutsen Mesha, sarkin Mowab, wanda ya ambaci Omri sarkin Isra'ila da suna. Cikin 1872 wani Bature, George Smith, ya karanta wani allon yumɓu da aka kwaso daga kufan Nineba, sai ga labarin ruwan tufana na mutanen Babila, da jirgi, da tsuntsayen da aka saka, mai kama ƙwarai da labarin Nuhu. Cikin 1880 aka ga rubutun Ibrananci a cikin ramin ruwan Siluwam a Urushalima, sa'an nan cikin 1887 aka tono wasiƙun Amarna a Masar, har da waɗanda wani sarkin Urushalima ya aika wa Fir'auna tun kafin zamanin Dawuda da ƙarnuka. A ɗaya gefen kuma malaman jami'o'in Jamus, musamman Julius Wellhausen, suna koyar da cewa Attaura haɗi ce ta tsofaffin rubuce-rubuce huɗu na zamani dabam-dabam, kuma yawancin dokokin firistoci an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan Musa. Waɗansu daga cikin masu wannan bincike sun kai ga watsar da wahayi gaba ɗaya. Malaman Katolika kuwa, in ka ɗebe 'yan kaɗan, ko dai su toshe kunne, ko su yi ta mayar da martani ba tare da sun iya harsunan da ake gardamar a kansu ba.

MAYANKAR TURKAWA

Yana Vienna umarni ya zo masa cewa ya tafi Urushalima. Wani ɗan'uwansu, Fada Matthieu Lecomte, ya riga ya sayi fili a arewa da Ƙofar Dimashƙu, inda aka tono harsashin tsohuwar majami'ar da Sarauniya Eudokiya ta gina a ƙarni na 5 don tunawa da Istifanas shahidi na farko. Lecomte ya rasu cikin 1887, ya bar fili da 'yan gine-gine. Lagrange ya iso cikin watan Maris na 1890, ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma ran 15 ga watan Nuwamba na wannan shekara ya buɗe makarantarsa. Ɗakin karatun tsohuwar mayanka ce ta gari. Zobban ƙarfen da ake ɗaure dabbobi suna nan a jikin bango, kayan aiki kuwa ba su wuce teburi da allo da taswira ba.

Sunan da ya ba ta da Faransanci yana nufin makarantar nazarin Littafi Mai Tsarki a aikace, kuma da gangan ya sa wannan kalma ta ƙarshe. Ra'ayinsa shi ne, tun da Littafin a wata ƙasa aka rubuta shi, da harsunan waɗansu mutane masu al'adunsu, to, wanda yake so ya fahimce shi sai ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya haɗa abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa. Saboda haka ɗalibansa ba su tsaya a aji kaɗai ba. Kowane mako sukan zaga Urushalima da kewayenta, lokaci lokaci su yi tafiyar 'yan kwanaki, a shekara kuma su yi doguwar tafiya bisa dawaki da raƙuma, suna kwana a tanti, suna auna kufai, suna kwafe rubuce-rubucen da ke kan duwatsu, suna kuma tambayar Larabawan ƙauye sunayen tuddai da rijiyoyi, domin sau da yawa tsohon sunan da ke cikin Joshuwa ko Mahukunta yana nan a bakin makiyayi, sai dai ya ɗan sāke kama. Cikin 1892 ya kafa mujallar Revue biblique don buga sakamakon binciken, kuma har yau ana buga ta.

Ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ce ta dame shi ƙwarai. Cikin 1893 ya je hamadar Sina'i. Littafin Fitowa ya ce mazan da suka fito daga Masar da ƙafa wajen 600,000 ne, ban da yara. In aka haɗa da mata da yara da tsofaffi, lissafin yakan kai mutum wajen miliyan 2, ga kuma garkunan dabbobi. Lagrange ya dubi ƙunƙuntattun kwaruruka, da 'yan maɓuɓɓugan ruwan da ba su wuce shayar da 'yan zangon Larabawa ba, ya ga abin da idonsa ya gani da lissafin da ke kan takarda ba su jitu ba. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa tafiyar ta bar masa damuwa mai zurfi. Bai ce Fitowa ba ta auku ba, bai kuma yi kamar bai ga kome ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne cewa marubucin bai yi ƙidayarsa irin ta malamin haraji ba, kuma aikin mai nazari ne ya gano irin rubutun da ke gabansa da abin da marubucin ya yi niyyar tabbatarwa.

Wannan shi ne gishirin koyarwarsa duka, kuma ba abu ne mai wuyar ganewa ba ga wanda ya tashi inda ake kirari da tatsuniya da tarihin sarauta. Idan maroƙi ya kira sarki giwa, ba wanda zai ce ya yi ƙarya don sarki ba shi da haure, ba kuma wanda zai karanta hukuncin alƙali da kunnen da yake jin kirari. Kowace irin magana da ma'auninta. Lagrange ya ce haka Littafi Mai Tsarki yake: akwai tarihi, akwai doka, akwai waƙa, akwai misali, akwai tsofaffin labaran asali da kakanni suka gāda, kuma Allah ya yi amfani da kowannensu. Game da hurewar Littafin kuwa, ya bi Toma Akwinas. A ganinsa ba wai Allah ya ba da ma'ana ya bar wa mutum kalmomi ba, ba kuwa shifta ya yi wa marubuci kamar malami da almajiri ba. Allah ya haskaka hankalin marubucin ne, marubucin kuma ya yi aikinsa da harshensa da ilmin zamaninsa, har ya zama littafin dukansa na Allah ne, dukansa kuma na mutum ne.

Cikin watan Agusta na 1897 aka yi babban taron masanan Katolika a Fribourg ta ƙasar Suwizalan, a nan ya fito fili da batun Attaura. Ya ce lalle a rarrabe abu biyu. Cewa Musa ne ya kafa addini da shari'ar Isra'ila, wannan tarihi ne da ba za a sake shi ba, domin in an cire Musa labarin Isra'ila duka ya rushe. Amma cewa shi ya rubuta kowace kalma, wannan al'ada ce ta malamai, ba kan bangaskiya ba ne. Ya nuna cewa mutanen gabas na dā ba su ɗauki littafi kamar mallakar mutum guda ba. Sukan ƙara, su gyara, su haɗa tsofaffin takardu, kuma dokar al'umma mai rai takan girma tare da al'ummar alhali tana ɗauke da sunan wanda ya kafa ta. Ta haka ake gane abin da ya sa labarin halitta ya zo sau biyu a babi na 1 da na 2 na Farawa, kowanne da tsarinsa da sunan da yake kiran Allah da shi. Da aka buga jawabin cikin 1898, ƙararraki suka fara isa Roma, har daga Urushalima kanta.

Duk da haka, muddin Paparoma Leo na 13 yana da rai, iska tana bayansa. Leo ya yaba wa makarantar tun cikin 1892, ya fid da wasiƙarsa ta Providentissimus Deus cikin 1893 yana ƙarfafa koyon harsunan gabas, ya kafa Hukumar Littafi Mai Tsarki cikin 1902, aka kuma sa Lagrange cikin masu ba ta shawara a farkon 1903. Har an yi maganar mayar da mujallarsa ta zama bakin Hukumar. A wannan tsakani ne, cikin Nuwamba na 1902, ya yi laccoci shida a Toulouse kan hanyar nazarin tarihi, aka buga su littafi cikin 1903, shekarar da ya fid da sharhin Littafin Mahukunta da kuma babban bincikensa kan addinan kabilun Sam, wato Kan'aniyawa da Finikiyawa da Suriyawa da Larabawan dā da Babilawa. Ba a daɗe ba kuma da wani ɗan ƙungiyarsu, Fada Vincent Scheil, ya fassara dokokin Hammurabi da aka tono a Shushan, duniya ta ga dokoki masu kama da waɗansu na Fitowa waɗanda suka girmi Musa da ƙarnuka. Sai Leo ya rasu cikin Yuli na 1903.

AN YI MUSU KUƊIN GORO

Zamanin Paparoma Pius na 10 ya zo da tsoro, kuma adalci ne a faɗa cewa tsoron ba na banza ba ne. Akwai wani firist Bafaranshe, Alfred Loisy, masani na gaske, wanda bincikensa ya kai shi ga shakkar abubuwan da su ne ginshiƙin addinin Kirista. An haramta littattafansa cikin 1903, aka yanke shi daga tarayyar Ikkilisiya cikin 1908, shi ma daga baya bai ɓoye cewa ya rabu da bangaskiyar ba. Lagrange ya yi wa Loisy raddi a rubuce tun 1903. Amma ga waɗanda suke kallo daga nesa, duk mai maganar tushe-tushen Attaura da ire-iren rubutu jirgi ɗaya ya kwaso su, sai aka yi musu kuɗin goro. Wani firist na ƙungiyar Jesuwit ɗan Beljiyam, Alphonse Delattre, ya rubuta littafi sukutum cikin 1904 yana sukar laccocin Toulouse. Wani kuma, Leopold Fonck, wanda ya zama shugaban farko na Cibiyar Littafi Mai Tsarki da aka kafa a Roma cikin 1909, ya ɗauki makarantar Urushalima tamkar cuta da ya wajaba a yi maganinta.

Cikin Yuni na 1906 Hukumar Littafi Mai Tsarki ta yanke cewa hujjojin masu bincike ba su isa a ce ba Musa ne mawallafin Attaura ba, ko da yake ta yarda yana iya yin amfani da magatakarda da tsofaffin takardu, an kuma iya yin 'yan ƙare-ƙare bayansa. Cikin 1907 aka fid da takardu biyu masu zafi, Lamentabili da Pascendi, a kan abin da aka kira aƙidar zamananci. A wannan shekara ce aka sanar da Lagrange cewa sharhin Littafin Farawa, wanda ya yi shekaru yana aiki a kai, ba za a buga shi ba, ko dukansa ko sashe. Babban Shugaban ƙungiyarsu, Fada Hyacinthe Cormier, wanda yake ƙaunarsa amma yake tsoron kada a rufe makarantar, shi ya isar masa da saƙon. Lagrange ya karɓa, ya ajiye takardun, ya juya ga Sabon Alkawari yana da shekara 52. Sharhinsa na Bisharar Markus ya fito cikin 1911.

Wannan ma bai kashe wutar ba. Ran 29 ga watan Yuni, 1912, wani ofishin fadar Paparoma da ke ƙarƙashin Kadinal De Lai ya ba da umarnin a fitar da waɗansu littattafai daga seminari, aka ambaci na Jamusawa biyu, sa'an nan aka ƙara da "rubuce-rubuce da dama" na Fada Lagrange, ba tare da an ce ga su ba, balle a ce ga kuskuren. Ya rubuta wa Paparoma wasiƙa, ya bayyana cikakkiyar biyayyarsa, amma bai ɓoye zafin da ya ji ba na zargin da aka yi masa cewa yana bin masu fifita hankali a kan wahayi, ya kuma ƙi amincewa da zargin. Ya nemi a sauke shi don makarantar ta tsira. Cikin watan Satumba ya bar Urushalima ya koma Faransa. An ce wasiƙar ta taɓa zuciyar Pius na 10. Bayan wata goma, cikin Yuli na 1913, aka mayar da shi bakin aikinsa, ba tare da wani bayani ba, kamar yadda aka hukunta shi ba tare da bayani ba. Ko ɗaya daga cikin littattafansa ba a taɓa sa shi cikin jerin haramtattun littattafai ba.

A nan ne masu tarihi sukan rabu. Waɗansu suna ganin ya cika sauƙin kai, da ya tsaya ya yi gardama a fili da watakila an gajarta wahalar. A namu ganin wannan bai yi la'akari da abin da ke hannunsa ba. Loisy ya tsaya, ya fita, aikinsa kuma ya fita tare da shi. Lagrange yana da makaranta, da mujalla, da samari da ya raina da hannunsa, duka kuwa da alƙalami guda za a iya shafe su. Ya yarda a hana shi bugawa, amma ba a taɓa samunsa ya rubuta cewa hanyar bincikensa kuskure ce ba, ya kuma ci gaba da koyar da ita a aji da kan raƙumi. Sai dai kada a ce ba a yi asara ba. Kusan shekara 35 firistocin Katolika aka yi ta yaye su ba tare da an ba su amsa mai gamsarwa kan Farawa ba, alhali mutanen da za su yi wa wa'azi suna karanta tambayoyin a jaridu. Mutumin da ya fi kowa cancanta ya ba da amsar kuwa yana nan da rai, takardunsa suna kulle a akwati.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake tarwatsa su. Cikin Disamba na 1914 Turkawa suka kori firistocin Faransa daga Urushalima, aka rufe makarantar sai bayan yaƙi cikin 1918. A zaman da ya yi a Faransa ya rubuta sharhin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wanda ya fito cikin 1916, da ta Galatiyawa cikin 1918. Da ya dawo sai ya bi sauran Bisharu ɗaya bayan ɗaya: Luka cikin 1921, Matiyu cikin 1923, Yahaya cikin 1925. Manyan littattafai ne, kowanne da nassin Helenanci da fassara da bayani kalma kalma. Cikin 1928 ya tattara amfanin wannan aiki duka a littafi guda mai sauƙi kan Bisharar Yesu Almasihu don talakawan masu bi, kuma shi ne littafinsa da aka fi karantawa. A waɗannan sharhohi ya fi taka-tsantsan, alal misali ya tsaya a kan cewa manzo Yahaya da kansa ne ya rubuta Bishara ta huɗu, abin da masana da yawa na yanzu, har na Katolika, suke gani dabam. Amma ya yarda Luka ya yi amfani da Markus, ya kuma karanta malaman Jamus da idon basira, ya karɓi abin da ya ga gaskiya ne a wurinsu, ya amsa sauran da hujja.

'YA'YAN MAKARANTA

Wataƙila babban littafinsa shi ne ɗalibansa. Louis-Hugues Vincent ya zo masa yana ɗan shekara 19, ya zama uban masu binciken kufan Urushalima. Félix-Marie Abel ya rubuta labarin ƙasar Falasɗinu cikin juzu'i biyu. Antonin Jaussen ya zauna da Larabawan ƙauye na ƙasar Mowab ya rubuta al'adunsu na aure da gado da diyya da karɓar baƙo cikin 1908, shi da Raphaël Savignac kuma suka shiga arewacin Hijaz sau da dama tsakanin 1907 da 1910, suka ɗauki hotunan kaburburan Mada'in Salih da ɗaruruwan rubuce-rubucen kan dutse. Jaussen ɗin nan ne daga baya ya gina gidan Dominikan na Alƙahira, wanda cikin 1953 ya zama cibiyar nazarin addinin Musulunci da adabin Larabci. Paul Dhorme kuwa, wanda ya yi aikin warware saƙonnin asiri a lokacin yaƙi, yana cikin mutum uku da suka buɗe rubutun Ugarit cikin 1930, wato harshen Kan'aniyawa da aka tono a Ras Shamra a gaɓar Suriya. Cikin 1920 hukumar masanan Faransa ta amince da makarantar a matsayin makarantar Faransa ta binciken kufai a Urushalima.

Dhorme ɗin ne kuma ya ba shi baƙin cikin tsufansa. Shi ya gāje shi a shugabanci cikin 1923, amma cikin 1931 ya tuɓe rigar ƙungiya ya bar aikin firist. Lagrange, yana da shekara 76, ya sake ɗaukar nauyin mujalla da makaranta. Cikin Oktoba na 1935 rashin lafiya ya tilasta masa komawa Saint-Maximin, gidan da ya fara shiga yana saurayi. Ko a can bai ajiye alƙalami ba, ya ma koma kan batun da aka raba shi da shi: rubutunsa na ƙarshe a Revue biblique, wanda ya fito cikin 1938, a kan Musa ne da tushe-tushen Littafin Farawa. Ya rasu ran 10 ga watan Maris, 1938, kwana uku bayan ya cika shekara 83.

Shekara biyar da rabi bayan haka, ran 30 ga watan Satumba, 1943, Paparoma Pius na 12 ya fid da wasiƙar Divino afflante Spiritu. A cikinta ya umarci malaman Katolika su yi aiki da nassin asali na Ibrananci da Helenanci, su nemi taimakon tarihi da binciken kufai, su kuma gano ire-iren rubutun da mutanen gabas na dā suka saba da su, domin ta nan ne za a san abin da marubuci yake nufi. Ya kuma gargaɗi sauran masu bi da su daina zargin duk wani sabon abu don kawai sabo ne. Wasiƙar ta ambaci makarantar Istifanas ta Urushalima da yabo, sai dai ta jingina kafuwarta ga Babban Shugaban ƙungiyar, sunan Lagrange bai fito ba. Cikin 1948 Hukumar Littafi Mai Tsarki ta rubuta wa Kadinal Suhard na Paris cewa ba mai musun akwai tushe-tushe a cikin Attaura, kuma dokokin Musa sun yi ta ƙaruwa bisa ga zamani. Majalisar Batikan ta Biyu ta sa hatimi a kan wannan koyarwa cikin takardarta ta Dei Verbum a 1965. Paparoma Paul na 6 ya kira sunansa da yabo cikin 1974, haka kuma John Paul na 2 cikin 1992, a jawabin da ya yi kan shari'ar Galileo.

Makarantar ta ci gaba. Roland de Vaux, wanda ya iso Urushalima cikin 1933 ya tarar da tsohon da ransa, shi ya shugabance ta daga 1945 zuwa 1965, shi ya jagoranci tonon kufan Kumran bayan an sami naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri cikin 1947. A ƙarƙashinsa ne aka yi fassarar nan da ake kira Littafi Mai Tsarki na Urushalima, wadda ta fito a dunƙule da Faransanci cikin 1956, da Turanci kuma cikin 1966. De Vaux da kansa ya rubuta gabatarwa da bayanan Farawa, ya kuma yi maganar tushe-tushen a fili, da izinin hukumomin Ikkilisiya a shafin farko.

Cikin Nuwamba na 1967, 'yan watanni bayan yaƙin kwana shida, aka ɗauko ƙasusuwan Fada Lagrange daga Saint-Maximin aka kai su Urushalima, aka binne a cikin majami'ar Istifanas, 'yan taku kaɗan daga inda mayankar take a dā. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe binciken rayuwarsa don neman a sa shi cikin tsarkaka, tun daga nan ake kiransa Bawan Allah. Sharhin nan nasa na Farawa kuwa, ban da 'yan babobin farko da aka taɓa bugawa kaɗan don masu dubawa, bai taɓa fitowa cikakke ba.